Yadda Kara Ta Kusa Cinye Mana Kuri'a

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ranar farko da Malam Haliru, shugabana a ofishin gona, ya ce in shirya kuri'a, goro na je na sayo. Na fasa, na ware ɓari shida fari da ɓari shida ja, na zuba a hulata, na ce kowane manomi ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Mai fari ya samu sabon irin shinkafa, mai ja ya ci gaba da wanda ya saba. A raina na riga na zama gwani. Wani tsoho daga Garbadu ya sa hannu, ya ciro nasa, ya yi bisimilla ya jefa a baki, ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗan ofis." Kafin in buɗe baki mutum uku sun bi sahunsa. Haka na tsaya da biro a hannu ina leƙen bakin dattawa, alhali goro, fari ne ko ja, da zarar ya sha haƙori launi ɗaya yake komawa. Malam Haliru bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki ɓari ɗaya daga abin da ya rage, ya tauna a hankali, ya ce, "Yau mun yi sadaka. Gobe sai mu yi aiki."

Abin da ya sa nake rubuta wannan, 'yan sakandaren da aka kawo mana aikin hutu a ofishinmu na Talata Mafara suna yawo suna cewa aikina wasan canke ne, wai ko akuya aka koya wa za ta iya. Shekarata goma sha takwas, uku daga ciki a wannan sana'a na yi su. A faɗin ƙasar nan, daga Bakura har Maradun, mu biyu ne kawai muke yin ta, ni da Malam. Saboda haka ni ne na biyu a girma, kuma sai ku saurara.

Ga aikin a taƙaice. Tun da aka gama dam ɗin Bakolori ruwa ya fara bin kanal, wato magudanar da ke kai shi gonaki, da rani, ofis yakan kawo sabon iri. Kafin a ce wa jama'a duka su saki nasu su kama wannan, sai a gwada. Ana neman manoma goma sha biyu da suka yarda, shida su shuka sabo, shida su shuka tsoho, a ba kowa taki iri ɗaya, a auna abin da kowa ya girbe. Tambayar da take cin mutum ita ce: su wa za a ba sabon? In ka bar Malam ya zaɓa, zuciyarsa za ta kai shi wurin waɗanda ya san ba su wasa da ciyawa, ko bai yi niyya ba. In ka ce mai so ya ɗaga hannu, masu shanun huɗa da tarin takin gida ne za su fara ɗagawa, don su ne ba su tsoron asara. Ta kowace hanya sabon iri zai yi kyau, amma ba za ka san ko irin ne ko mai gonar ba. Shi ya sa ake barin zaɓen ga abin da ba shi da aboki, ba shi da suruki, ba ya cin tuwon gidan kowa. Wato kuri'a.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai gwangwanin madara babba da na ɗaure wa baki da ƙyalle mai tsaga, yadda hannu zai shiga ido ba zai bi shi ba. Daga nan mutane suka laƙaba mini Mai-gwangwani, har wata tsohuwa a kasuwar Talata ta taɓa miƙo mini mudu wai in auna mata madara. Akwai marafan kwalbar lemo, duk girma ɗaya, an shafa wa cikinsu fenti, wasu kore na sabon iri, wasu fari na tsoho. Da farko koren kawai na shafa wa fenti, sai Malam ya rufe ido ya sa yatsa ya ware mini su tas. Ya ce hannun da yake bambanta ƙwayar shinkafa da ta ɓuntu a cikin duhun rumbu, fenti ba zai ɓuya masa ba. Ba ma amfani da takarda. Tun rabon gonaki da aka yi bayan dam, mutanenmu in suka ga ma'aikaci da takarda a naɗe sai su fara duban hanyar gida. Sauran kayan su ne igiyar awo, turaku, sikeli mai ƙugiya, da littafin Malam, wanda yake riƙewa kamar jinjirin kwana bakwai.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce ta biyu. Mun yi komai daidai. Marafai goma sha biyu a gwangwani, na girgiza har kafaɗata ta yi ƙara, kowa ya ɗauka a gaban kowa. Da Malam ya duba littafi sai ya ga matsala. Biyar daga cikin shida da suka samu kore, gonakinsu a kan kanal suke, inda ruwa yake fara isa. Masu fari kusan duk a wutsiya suke, inda ruwa yake zuwa a gajiye kamar baƙon da ya tako daga Sakkwato da ƙafa.

Na ce, "Malam, mu mayar mu sake girgizawa."

Ya ce, "In bai yi maka ba kuma?"

"Mu sake."

"Har sai ya yi maka daɗi. To wa ya yi zaɓen ke nan, kai ko gwangwani?"

Aka bar shi a haka. Ranin nan kuma ruwa ya yi ƙaranci a wutsiya, shinkafar can ta tsaya kamar gemun ɗan shekara sha biyar, nan ɗaya can ɗaya. Ta kan kanal kuwa har tana kwanciya don nauyi. Duk wanda ya kalli awon zai rantse sabon irin daga Aljanna aka sauko da shi. Malam ya rubuta gaskiya, cewa ba mu sani ba ko iri ne ko ruwa. Wani babba ya zo daga hedikwata, ya karanta, ya cire tabarau, ya ce in aka sake shekara guda irin wannan za a rufe sashen gwaji. Malam ya koma tsaron sito, ni kuma in koma inda aka samo ni. Inda aka samo ni kuwa shi ne ƙarƙashin kwandon tumatirin kawuna, kwandon da na tabbata shi ya hana ni tsawo.

A nan na koyi abin da 'yan hutu ba su sani ba. Kuri'a ba ta ƙarya, amma in mutane kaɗan ne tana iya kwanciya a gefe ɗaya. Garwaya gero da dawa ka ɗebi kwano, za ka samu kusan rabi da rabi. Rufe ido ka tsinci ƙwaya shida, ba abin mamaki ba ne ka ga dawa biyar. Mu kuma ƙwaya goma sha biyu kawai muke da su.

Da shekara ta zagayo, a wani ƙauye kan hanyar Bakura, Malam ya sauya dabara. Mako biyu muka yi muna bin kanal da ƙafa, yana murza ƙasa a yatsu, yana tambayar ranar da ruwa yake isa kowace gona. Ya haɗa manoman biyu-biyu, kowa da maƙwabcin gonarsa, ruwansu ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Yanzu marfi biyu kawai zan sa a gwangwani, kore ɗaya fari ɗaya, a ja sau shida. Ko kuri'a ta so ko ta ƙi, dole kan kanal ya samu sabo da tsoho, wutsiya ma haka. Na ce wa Malam wannan dabarar ko a Ingila sai an tara mutane an tafa masa. Ya ce in ɗauki turaku in daina surutu.

Ranar jan kuri'a aka taru a gindin tsamiya bayan hantsi. Biyun farko su ne Baba Nomau da Labbo. Baba Nomau dattijo ne mai shanu huɗu da 'ya'ya maza da ba su ƙirguwa, manomin da ciyawa in ta ji tarinsa take komawa ƙasa da kanta. Labbo kuwa mijin 'yarsa ne, mutum mai sanyin hali, gonarsa tana jingine da ta surukinsa. Aka ce babba ya fara, Malam ya ce ba komai, gwangwani bai san babba ba. Baba Nomau ya ciro fari. Kore ya rage wa Labbo. Na ga Labbo ya sunkuyar da kai kamar wanda ya taka wa liman ƙafa a sahu, amma ban kawo komai a raina ba. Aka gama, aka raba 'yan buhunan iri masu alamar fenti, aka yi addu'a, na koma gida ina tafiya kamar wanda ya gina dam ɗin da hannunsa.

Kwana biyu bayan haka na koma kafa turaku. Na biya ta ƙofar gidan Baba Nomau neman ruwan sha, sai ga buhu mai koren fenti a jingine a zaurensa. Na murza ido. Yana nan. Na ruga gonar Labbo na same shi yana gyaran kunyoyin shuka.

Bayan mun gaisa na ce, "Labbo, ina buhunka?"

Ya ce, "Yana wurin Baba."

"Ajiya ka ba shi?"

"Wace irin ajiya? Na kai mai. Shi kuma yab ba ni nashi."

"Amma kai ka ja kore."

Ya dafa fartanya ya dube ni kamar yau ya fara ganin marar hankali. "Mai-gwangwani, kai ba a gida anka haihe ka ba? In shuka sabon abu, uban matata na gefena da tsoho, kullum da sahe muna haɗa ido? Da wane baki za ni gaishe shi?"

Kara ke nan. Abin da aka koya mana tun muna rarrafe: in abu mai kyau ya faɗo hannunka babba yana wurin, ka miƙa masa. Na bi sauran gidajen. A cikin biyu-biyu shida, huɗu kore ya faɗa wa ƙaramin, kuma duk huɗun sun yi abin da Labbo ya yi. Wani ya kai wa wansa, wani ya kai wa malamin da ya koya masa karatu, wani ƙanin mahaifinsa. Dabarar da na ce a tafa wa ita ta jawo. Mun haɗa maƙwabta, mun manta cewa a ƙauye maƙwabcin gonarka ba baƙo ba ne, ko dai kana durƙusa masa ko yana durƙusa maka. Yanzu sabon iri gaba ɗaya yana hannun manya, masu shanu da taki da hannayen aiki.

Na samu Malam a ofis na zayyana masa. Na ce, "Abin da sauƙi. Mu juya sunaye a littafi. Har yanzu shida da shida ne, kuma kowane biyu akwai sabo da tsoho. Wa zai sani?"

Ya ce, "Shinkafar za ta sani. Bara ruwa ya yi mana zaɓe, bana girma ya yi. In sabon ya yi kyau a hannun Baba Nomau, me za ka ce wa mutumin wutsiya mai fartanya ɗaya da zai saki irinsa saboda maganarmu?"

"To ku je ku karɓo."

"In na je, ofis ne ya zo ƙwace kyautar da suruki ya yi. Ba za a sake buɗe mana ƙofa a garin ba. Kai za ka je. Bakin nan naka da ya hana ni sakat shekara uku, yau ranarsa ce."

Washegari da safe na sa rigata ta Juma'a na tafi. Na samu Baba Nomau a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa. Muka gaisa: kwana, gajiya, iyali, shanu, ruwa, sanyin safiya, mutanen Mafara, Malam da iyalinsa, sannan muka sake komowa kan gajiya. Ina jin da an shuka shinkafa a farkon gaisuwar nan da ta tsiro kafin mu kai ƙarshe. Buhun yana gefensa, ni kuma ina ta ƙoƙarin kada in kalle shi.

Ya ce, "To, ɗan ofis. Mi at tahe da kai da rigar salla?"

Na ce, "Baba, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Ƙararku, wurinku."

Ya ajiye igiya. "Ikon Allah. Faɗi mu ji."

Na ce, "Baba, kowa a kanal ɗin nan ya san ko tsakuwa kuka shuka sai ta yi zangarniya. In kuka shuka sabon irin nan zai yi kyau. In kuka shuka tsohon zai yi kyau. In kuka shuka ƙaiƙayi ma ina jin sai mun kawo sikeli. To mu yaya za mu gane ko irin yana da kirki? Hannunku zai rufe masa asiri. Mu kuma mu je mu ce wa mutane su saki nasu, su shuka, ya ƙi, su ce ai a gonar Baba Nomau aka gani."

Ya ƙare mini kallo. Sannan ya ce, "Wanga yaro, wa yak koya maka roƙo? Ban san gidanku da kalangu ba."

"Ba roƙo ba ne, Baba. Da roƙo ne da na zo da maroƙin da ya fi ni murya."

"To in maida ma yaron ga kyautatai? Shi ji kamar na rena?"

Nan ne na san maganar ta zo inda ake so, kuma nan ne dabarata ta ƙare. Na ce, "Wannan kam ku kuka san yadda ake yi. Ni gwangwani kawai na iya."

Ya aika a kira Labbo. Labbo ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, ko ciki bai shigo ba. Baba Nomau ya dafa buhun ya ce, "Labbo, ka ba ni, na amsa, na gode, Allah shi saka. Ya zama nawa ko?"

"Naku na, Baba."

"To ni kuma na ba ka. Ka shuka muna shi a gonarka, in gani da idona ko abin kirki na. In ka bari ciyawa tac ci shi, kayana ka ɓata." Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka gaya ma Malaminka, tsohon irin ga da kuka renawa, ni da shi za mu gamu da ku ranar awo."

Labbo ya ɗauki buhun da hannu biyu. Ba wanda ya ji kunya, don ba a mayar da kyauta ba, sabuwa aka yi. Na daɗe ina tunanin wannan, har yau ban ga littafin ofis da ya kai shi dabara ba.

Kafin la'asar labari ya zaga gari, kuma abin da Baba Nomau ya yi ba wanda zai ce ya fi ƙarfinsa. Wan nan ya kira ƙaninsa, malamin ya kira ɗalibinsa, kowa ya karɓa ya gode ya bayar. Na huɗun ne muka makara. Ƙanin mahaifin nan ya riga ya jiƙa irin a tukunya, har ya fara tsaga baki, ya ce in ina so in zo in tsince shi ƙwaya-ƙwaya in shanya. Malam ya rubuta abin da ya faru da su yadda ya faru, ya ce za a auna nasu amma a gefe. Tun daga ranar kuma ba ma raba buhu a gindin bishiya. Ranar shuka nake kai wa kowa nasa a bakin gona, in tsaya har ya shiga ƙasa. Kuma kafin a ja kuri'a Malam yakan roƙi babban wurin ya faɗa da bakinsa cewa abin da gwangwani ya ba mutum, shi ya yafe masa.

Sauran ranin aikin da kuka raina ne. Zagayen gonaki goma sha biyu duk mako, duba ko wani ya ƙara taki a ɓoye, duba ko turaku suna inda na kafa su, don akwai mai matsar da turke taku ɗaya wai ya taimaki ofis. Korar tsuntsaye ba aikina ba ne, amma na yi ihu a gonar Labbo har muryata ta koma ta agwagwa, don in buwa ta cinye gona ɗaya cikin biyu-biyu biyar da suka rage, ni ma ta cinye ni. Labbo kuwa ya yi noman da bai taɓa yi ba, saboda kayan surukinsa ne a gonarsa. Wannan ya ɗan dami Malam, ya rubuta shi ma a littafi.

Ranar awo muka rataye sikeli a reshen tsamiya. Aka sussuke, aka sheƙe, aka ɗaura buhu bayan buhu, ina karantawa da ƙarfi Malam yana rubutawa, Baba Nomau yana zaune a kan buzu yana cewa in daina taɓa igiyar. A cikin biyu-biyu biyar, sabon iri ya fi a uku, tsohon ya fi a biyu. Gonar da ta fi kowace nauyi a ranar ita ce ta Baba Nomau, da tsohon iri. Malam ya rubuta cewa sabon yana da alamar kirki, amma mutum goma ba su isa a ce wa kowa ya saki nasa ba.

Babban nan na hedikwata ya karanta bai cire tabarau ba. Ba a raba sabon irin a shekarar ba, kuma ba a rufe sashen ba. Aka ce a sake gwajin a ƙauyuka uku, har da ɗaya a wajen Maradun, aka ba ni keke saboda nisa.